Tsoron Da Ake Saye Da Kuɗi

Wani dattijon malami da muke zama da shi a ƙofar gida bayan sallar isha'i, mutum mai yawan karatu da ƙarancin dariya, ya taɓa tambayata, a wani dare da ya ji samarin gidanmu sun kurma ihu a ɗaki alhali ba gobara ce ta tashi ba, ba kuma ɓarawo ne ya hauro katanga ba, ko wane irin ciniki ne wannan da mutum zai fid da kuɗinsa na halaliya ya biya domin kawai a razana shi. Ya ce shi dai a iya saninsa firgici abu ne da ake neman tsari daga gare shi safe da maraice, bai taɓa jin an yi masa kasuwa ba sai a wannan zamani. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kasuwar ta daɗe tana ci, rumfa kawai aka sake mata." Ya ce in kawo hujja. A daren ban kawo abin kirki ba, sai kame-kame, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in tsara abin da ke raina a kan waɗannan finafinai na aljanu da fatalwa, in bambance wanda ya cancanci a ɓata masa dare da wanda bai kai kuɗin cajin waya ba.

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san cewa ba Bature ne ya koya mana daɗin tsoro ba. Idan an ci tuwon dare, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka rage lagwanin fitila, yara suka ce "Ta zo mu ji ta," ba tatsuniyar da kowa ya zauna lafiya suke roƙo ba. Ta Dodo suke so, wanda ya tare rijiya ya hana gari ruwa, ko ta budurwar da ta ƙi samarin garinsu kaf ta bi wani kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa cikin daji ya fara mayar da kayan aro gaɓa bayan gaɓa. Yaron da ya fi kowa cusa kai cikin zanen kakarsa, wanda fitsari zai matse shi ya gwammace ya kwana da shi da ya ratsa tsakar gida shi kaɗai, shi ne gobe zai fara cewa a maimaita. Asirin abin kuwa shi ne yana jin tsoron ne a wurin da ya tabbata babu abin da zai taɓa shi: Dodo yana cikin labari, cinyar kaka tana ƙarƙashin kansa, kuma ya san akwai ƙurunƙus a gaba. Likitoci sun bayyana cewa jiki ba ya tsayawa bincike kafin ya razana, sai ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tsikar jiki ta tashi. Sa'an nan idan hankali ya komo ya shaida cewa babu maciji a ɗakin, sai wani sanyi ya sauka a ƙirji irin na wanda ya tsallake rijiya da baya. Wannan sanyin ne mutane ke biya, kuma masu majigi sun gane haka tun sana'ar tana cikin zanen goyo, domin a 1896, shekara guda bayan an fara nuna wa jama'a hoto mai motsi a birnin Paris, wani Bafaranshe mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, ya fito da ɗan fim na kimanin minti 3 mai jemage da ƙwarangwal da Iblis a cikin tsohuwar fada.

Amma fa akwai bambanci babba tsakanin mai kallo a Landan da mai kallo a Kano ko Damagaram, kuma wanda bai lura da shi ba zai yi kuskure a hukunci. Da yawa daga mutanen Turai suna kallon aljani a majigi kamar yadda muke kallon Gizo, watau halittar da aka ƙaga don nishaɗi. Mu kuwa samuwar aljanu aƙida ce a wurinmu, da sura sukutum a Alƙur'ani mai sunansu, da littattafan malamai a kan hukunce-hukuncensu, irin wanda Badaruddini Asshibli, da ya rasu a shekara ta 769 bayan Hijira, ya wallafa ya sa masa suna Akamul Marjan, yana bahasi a kan cinsu da shansu da mazauninsu, har da mas'alar aure tsakaninsu da bil'adama. Mun tashi ana hana mu zama a bakin ƙofa da almuru, ana ce mana kada mu watsa ruwan zafi a ƙasa ba da bisimilla ba, ana kauce wa gindin tsamiya da na kuka da tsakar rana. Kowa ya san wani da dannau ya taɓa danne wa ƙirji, kowa kuma ya ji labarin makarantar 'yammata da aka ce iskoki sun sauka. Saboda haka idan an kashe majigi, Baturen nan ya tafi ya kwanta da tabbacin cewa ƙarya ce tun daga tushe, mu kuwa mukan tashi da sanin cewa labarin ƙarya ne amma jinsin abin da aka ba da labarinsa gaskiya ne. Wannan ya sa tsoronmu ya fi nasu nauyi, ya kuma sa, a ganina, muka fi su cancantar zama alƙalan wannan fanni, domin wanda ya san kura shi ne zai iya gane ko mai kwaikwayon kukanta ya iya.

To, da wane ma'auni za a auna? Na daɗe ina kallo, na kuma ɓata darare da yawa a kan shirme, abin da na tsaya a kansa shi ne: fim ɗin fatalwa mai daraja shi ne wanda abin tsoron da ke cikinsa ya zo bin wani hakki, watau akwai amanar da aka ci, ko jinin da aka zubar, ko bashin da aka binne aka yi zaton ƙasa ta rufe, har ya zamanto mai kallo, ko da yana roƙon Allah Ya kuɓutar da mutanen gidan, yana ji a can ƙasan zuciyarsa cewa mai ƙwanƙwasa ƙofar nan yana da hujja. Wanda babu wannan a cikinsa, sai fuska mai jini da ke faɗowa daga bayan labule tare da ƙarar da za ta fasa dodon kunne, wannan bai wuce yaron da ya laɓe a zaure ya ce maka "Kau!" ba, za ka zabura, gaskiya ne, amma kafin ka kai ƙofar ɗakinka ka manta.

Mafi kyawun misalin da na sani shi ne His House, wanda Remi Weekes ya shirya a Ingila aka sake shi a 2020, manyan 'yan wasansa biyu kuwa, Wunmi Mosaku da Sope Dirisu, duka tushensu Nijeriya. Miji da mata ne, Bol da Rial, suka gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu, suka ratsa teku a kwalekwalen da ya kife, yarinyar da ke tare da su ta nutse, su suka tsira. Hukumar Ingila ta ba su wani ruɓaɓɓen gida a bayan gari, ta gindaya musu sharuɗɗa cewa ba su da izinin neman aiki, ba su da izinin ƙaura, in sun saɓa a mayar da su inda suka fito. Sai ga motsi a cikin bango, ga murya, ga idanu suna leƙe ta ramukan da ke jikin garu. Dubi hikimar mai labarin: kowa yakan ce wa mutanen irin wannan fim, "Ku bar gidan mana!" amma waɗannan doka ce ta ɗaure su a ciki, idan Bol ya je ofis ya ce akwai maye a bangonsa, mahaukaci za a rubuta shi a kore shi daga ƙasar. Rial ta gaya masa cewa abin da ya biyo su shi ne wanda mutanenta 'yan ƙabilar Dinka ke kira apeth, mayen dare mai bin wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba. Mai karatu ya gafarce ni in tona asirin, domin hujjata ba ta tsayuwa sai da shi: yarinyar nan ba 'yarsu ba ce. A ranar gudu, motar ƙarshe ta cika, ba a ɗaukar kowa sai mai ɗa a hannu, sai Bol ya sure 'yar mutane daga cikin taro ya ce tasa ce, suka shiga, mota ta tashi, uwar yarinyar tana bin ta a guje tana kururuwa ga harsasai a bayanta. Daga lokacin da aka nuna wannan, duk abin da ka gani a baya sai ya sake kama, ka daina tambayar yadda za su rabu da fatalwar, ka koma tambayar abin da kai za ka yi a bakin ƙofar motar nan. Na kalli finafinai masu dodanni goma waɗanda ba su hana ni barci ba, amma gudun matar nan ya kwana uku a idona.

Irin wannan zare ne ya ɗinke The Exorcist, na William Friedkin, wanda ya fito a ƙarshen 1973 daga littafin William Peter Blatty, ya kuma ci lambobin Oscar 2. Jama'a sun fi tuna yarinyar da kanta ke juyawa da muryar ƙato da ke fita daga bakinta, amma abin da ya riƙe fim ɗin shekara hamsin yana raye shi ne limamin Kirista, Karras, wanda imaninsa ya yi rauni, mahaifiyarsa tsohuwa kuma ta rasu ita kaɗai cikin talauci a New York alhali yana nesa. Da ya zo fitar da shaiɗanin, sai la'anannen ya ari muryar tsohuwar yana yi masa ƙorafi. Duk wanda ya taɓa halartar ruƙiyya zai ga abubuwan da ya sani, tun daga zaryar asibiti da hotunan ƙwaƙwalwa da suka kasa nuna komai, har zuwa gargaɗin wani babban limami ga Karras cewa kada ya saurari abin da ke magana, domin yakan cakuɗa ƙarya da gaskiya. Abu guda ne ke ci mini rai a duk sa'ad da na sake kallonsa, shi ne buɗe shi da aka yi da sautin kiran salla a arewacin Iraƙi kafin a tono gunkin da sharrin ya fito daga gare shi, kamar dai kiran salla ƙamshin baƙuwar ƙasa ne mai ban tsoro. Wannan jahilcin Hollywood ne na wancan zamani, kuma ba zan wanke su ba. Fim ne kuma mai ƙazamin lafazi, ba na zaman iyali ba.

Japanawa sun kai abin wani matsayi a Ringu na Hideo Nakata, 1998, inda kaset ɗin bidiyo ke kashe duk wanda ya kalle shi bayan kwana 7, asalinsa kuwa Sadako ce, yarinyar da aka buge aka jefa rijiya aka rufe bakinta. Babu jini a cikinsa sai kaɗan, babu guje-guje, sai talabijin da ke kunna kansa da mace mai gashi a fuska tana tahowa sannu a hankali kamar mai dukan lokacin duniya. Ƙarshensa ne ya fi komai daci, domin uwar da ke binciken lamarin ta gano cewa mafita ɗaya ce, ka kwafi kaset ɗin ka nuna wa wani, mutuwar ta koma kansa. Sai aka bar mu da ita a mota ta nufi gidan mahaifinta tsoho domin ta ceci ɗanta. Ko malamin fiƙihu zai yi gumi kafin ya warware wannan.

Ba sai mun tafi nesa ba ma. Living in Bondage, wanda Kenneth Nnebue ya fitar cikin harshen Ibo a 1992, wanda kuma ake ɗauka shi ne ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo ta kudancin Nijeriya, labarin Andy ne da ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, ya kuwa yi, sai fatalwarta ta hana shi cin ko sisi cikin kwanciyar rai har ya haukace ya koma tsintar abinci a bola. Hotonsa dishi-dishi ne, sautinsa kamar daga cikin tulu, amma ya kama ƙasa baki ɗaya saboda kowa ya san wani da ya yi arziki dare ɗaya ana raɗe-raɗi. Indiya kuma, wadda finafinanta suka yi shekaru aru-aru, in an yarda mini da ƙari, suna cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, ta ba mu macizai masu rikiɗa irin na Nagin a 1976 da dodannin finafinan 'yan'uwan Ramsay, waɗanda yau sun fi ba da dariya. Amma a 2018 ta fito da Tumbbad, labarin wani ƙauye da ruwan sama ba ya ɗaukewa a cikinsa, da mutumin da ke sauka cikin rami yana yaudarar wani la'anannen abin bauta da 'yartsanar ƙullu domin ya wawuri zinariya daga ɗamararsa, har ya koya wa ɗansa sana'ar. Ban ga inda aka zana haɗama da gadonta daga uba zuwa ɗa kamar nan ba.

Sharaɗi na biyu, wanda ke bin na farko kamar yadda la'asar ke bin azahar, shi ne kawaici wajen nunawa. Abin da ido ya gama gani ya zama sananne, sananne kuwa ana iya auna tsawonsa da faɗinsa. Wanda aka ji takunsa kawai, shi zuciya ke ƙera wa siffa, kuma babu maƙerin da ya kai zuciyar mutum sanin abin da ke firgita shi. The Others na 2001, wanda Nicole Kidman ta fito a matsayin uwar yara biyu da hasken rana ke cutarwa, a wani katafaren gida a tsibirin Jersey a 1945, kusan dukkansa labule ne a sake da ƙofofin da ake kullewa ɗaya kafin a buɗe ɗaya, amma ya fi mayanka goma tayar da hankali. Paranormal Activity, da aka haɗa da kimanin dala 15,000 a cikin gida guda, ya tara sama da dala miliyan 190 da ƙofa mai motsi da mayafin gado da ake ja. A nan ne nake ganin masu shirya finafinanmu na Hausa suka yi sake, domin aljaninsu yakan bayyana tun minti na biyar, an shafe shi da farar hoda, an ja masa jan kwalli, yana ƙyaƙyata dariya mai amsa-kuwwa, har yara su riƙa kwaikwayonsa a layi. Alhali kuwa ƙasar da ke da kufai da tsofaffin rijiyoyi da marina da aka daina aiki a cikinta da soron da aka kulle tun rasuwar mai gida, ba ta rasa kayan aiki ba, haƙurin ɓoyewa ta rasa.

Finafinan ƙasashen Musulmi suna da nasu hali. Turkawa sun yi jerin Dabbe tun daga 2006 da jerin Siccin tun daga 2014, sunayen duka an ɗauko su daga kalmomin Alƙur'ani, suna kuma cike da sihiri da layu da ƙulle-ƙullen da aka binne, irin abin da mai kallo Bahaushe zai gane nan take. Sai dai kururuwa ta yi musu yawa, kuma raina ba ya kwanciya da yadda ake mayar da ayoyi kamar kayan ƙawata sauti. Munafik na Malesiya, 2016, ya fi su natsuwa, tunda ya tsaya a kan malamin ruƙiyya da mutuwar matarsa ta girgiza masa tawakkali, ya kasa yafewa, ya kasa aikinsa. Wanda na fifita a kansu duka shi ne Under the Shadow na Babak Anvari, shi ma 2016, cikin harshen Farisa, a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988. An hana wata mata, Shideh, komawa karatun likita, an tura mijinta bakin daga, makami mai linzami ya huda rufin benensu ya tsaya bai fashe ba, maƙwabta suna ta watsewa gida bayan gida, 'yartsanar ɗiyarta ta ɓace, wata maƙwabciya kuma ta ce mata aljanu suna tafiya cikin iska, idan suka riƙe wani abu naka ba za su rabu da kai ba. Har fim ɗin ya ƙare ba za ka iya rantsewa ko aljani ne ko kuwa tsoro da kaɗaici ne suka taɓa ta ba, wannan shubuhar kuwa ita ce ainihin halin da iyalai da yawa ke shiga a nan, suna tsaye tsakanin ƙofar malam da ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa.

Wajibi ne in faɗi abin da Malam zai faɗa in na yi shiru. Ba a ɗaukar aƙida daga majigi. Abin da muka karanta shi ne mamaci yana barzahu, ba ya dawowa ya ɗauki fansa da hannunsa, hakkinsa kuwa yana jiran ranar hisabi. Fatalwar fim misali ce kawai ta nadamar da ke bin mai laifi, kamar yadda Dodon tatsuniya misali ne. Haka nan yawancin waɗannan finafinai suna ba shaiɗan ƙarfin da bai mallaka ba, har ya zama kamar kishiyar Mahalicci, wanda kuwa ya san tauhidi ya san makircinsa mai rauni ne. Mai fama da wasiwasi, da mai ciwon zuciya, da yaron da bai iya raba hoto da gaskiya ba, duk a nisanta su da wannan. Na ga yarinyar da ta yi wata guda ba ta shiga banɗaki ita kaɗai saboda yayyenta sun nuna mata abin da ya fi ƙarfin shekarunta a waya, kuma laifin na manyan gidan ne. Imamu Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u ga tsoro da fata, yana bayyana cewa tsoron da ake so shi ne matsakaici mai tura mutum ga gyara, wanda ya wuce iyaka ya kai ga yanke ƙauna kuwa abin zargi ne. A kan tsoron Allah yake magana, ba na majigi ba, amma ma'aunin ya yi mini amfani a nan ma.

Bayan makonni na lallashi, Malam ya yarda ya zauna mu kalli Under the Shadow, bisa sharaɗin a bar fitilar zaure a kunne, wai don kada wani ya yi sallama ba a gan shi ba. Ya yi shiru tun daga farko har ƙarshe, carbi yana tafiya a hannunsa, sau ɗaya kawai na ji ya yi ta'awwuzi da ƙarfi, a wurin da wani mayafi ya taso ya cika ɗakin ƙasa. Da aka gama ya miƙe ya gyara rawaninsa ya ce, "Alhaji, har yanzu ban ga dalilin biyan kuɗi ba." Ya kai bakin ƙofa, ya leƙa layin da wutar lantarki ta ɗauke, ya daɗe yana neman takalminsa da yake gabansa, sa'an nan ya waiwayo ya ce in kira masa ɗaya daga cikin samarin nan ya raka shi da tocila, saboda kwatar da ke bakin masallaci ba ta da murfi.